Layukan da suka ƙi haɗuwa a AutoCAD: sakacin safiyo ne ko kuwa?

Mai zanen gini: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya na raba dare a kan zanen wani fili da aka aiko mini daga ofishin safiyo, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Idan aka kalli zanen daga sama, layukan iyaka sun haɗu tsaf, amma duk lokacin da na ba da umarnin FILLET domin in haɗa kusurwa sai AutoCAD, manhajar da nake zane da ita, ta ce layukan ba a kan shimfiɗa ɗaya suke ba. Na auna tsakanin turaku biyu da na san ratarsu mita 12 ce, umarnin auna nisa na DIST ya ba ni mita 480 da 'yan kai. Sai da na juya zanen na dube shi ta gefe sannan na ga wasu layuka kwance a kan tsayin sifili, wasu kuma suna can sama a rataye. Wannan sakaci ne, kuma ya kamata safiyo ya mayar da komai sifili kafin ya miƙa aiki.

Safiyo: Wa alaikumus salam. Malam, kalmar sakaci ta yi nauyi, ina roƙonka ka janye ta. Lambar Z da ta ɗaga layukan da ka gani a sama, tsayin wurin ne daga matakin teku, kuma a cikin rana aka tsaya da na'ura aka auno ta turke bayan turke. Abin da kake kira sakaci shi ne ainihin aikin da aka biya mu mu yi.

Injiniyan magudanar ruwa: Ina bayan safiyo ɗari bisa ɗari. Idan aka share tsayin nan, da me zan san gangarar fili har in fitar da ruwan damina daga gidan? Ku masu zanen gini kun saba ɗaukar ƙasa tamkar faifai, shi ya sa ake gama gini ruwa ya kwanta a tsakar gida.

Mai zanen gini: Injiniya, ban zo a yi mini gorin sana'a ba. Turaku suna sama, layin da ya haɗa su kansa ɗaya yana sama ɗayan yana kan sifili. Idan ba sakaci ba ne, to mene ne sunansa?

Malama mai koyar da zane: Irin wannan layin sau da yawa wanda ya karɓi zanen ne yake haifar da shi, domin idan ya kama turke ya ja layi, layin yana ɗaukar tsayin turken. Maganinsa a mayar da saitin OSNAPZ zuwa 1, daga nan kamun ba zai ƙara ɗauko tsayin abin da aka kama ba. Game da abin da ya riga ya lalace kuwa, a fara ajiye kwafin fayil ɗin asali, sannan a tattaro layuka da umarnin zaɓe na QSELECT, a shiga akwatin Properties a sa sifili a Z na farkon layi da na ƙarshensa. Umarnin FLATTEN ma yana yi, sai dai yana cikin ƙarin kayan aiki na Express Tools, waɗanda ba sa zuwa da AutoCAD LT, kuma yakan taɓa bulok (abubuwan zane da aka dunƙule suka zama guda ɗaya), don haka a duba su bayan an gama.

Tsohon ma'aikacin zane: Malama, mu da muka daɗe a aikin nan ba ma wannan dogon zagaye. Ka zaɓi komai, ka ɗaga shi da umarnin MOVE zuwa 0,0,1e99, wato tsayi mai girman gaske, ka dawo da shi da 0,0,-1e99. Kwamfuta ba ta riƙe lambobi fiye da 15 ko 16 a jere, saboda haka ƙaramin tsayin yana ɓacewa a cikin babbar lambar, komai ya sauko kan sifili.

Malama mai koyar da zane: Baba, dabarar ba ta shiga cikin bulok, abin da ke cikinsa yana nan da tsayinsa, kuma daɗewa a aiki ba ta sauya hakan.

Tsohon ma'aikacin zane: 'Yata, tun kafin ki shiga aji nake zane da hannu a kan allo, ina ganin na cancanci a saurare ni.

Safiyo: Har yanzu ba a janye kalmar ba. Kuskure daban, sakaci daban, domin sakaci yana nufin mutum ya san daidai ya ƙi yi, kuma wannan taɓa mutuncin sana'a ce gaba ɗaya.

Mai zanen gini: Yallaɓai, ban ce duk safiyoyi ba, amma wanda ya aiko zane bai rubuta ko layi ɗaya na gargaɗi ba, ban ga wani suna da ya dace da shi ba.

Shugaban zaure: Jama'a, mu tsaya haka. Ni ma zanen gini nake yi, kuma na sha irin wannan wahala, saboda haka abin da na fahimta shi ne koken ɗan'uwanmu yana kan hanya, ko da kalmarsa ta yi zafi. Daga yau safiyo ya riƙa aiko fayil biyu, ɗaya da tsayinsa domin injiniya, ɗaya a shimfiɗe domin mai zane. Batun janye kalma kuwa, su biyun su ƙarasa shi ta waya.