Neman shawara: mai neman auren 'yata sojan ruwa ne a jirgin dakon jiragen yaƙi

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ne yake neman auren 'yata. Ni da mahaifinsa mun yi fataucin fata tare har jarinmu ya karye, ya tafi Faransa, daga baya aka kai masa ƙanwar tawa, a can aka haifi yaron, kuma da mahaifinmu ya rasu mijin ƙanwar tawa ne ya ɗauki nauyin zaman makoki gaba ɗaya, abin da ba zan taɓa mantawa ba. Yanzu yaron sojan ruwan Faransa ne, yana aiki a jirgin Charles de Gaulle. Na riga na karɓi kuɗin gaisuwa, amma uwar yarinyar ta kasa barci tun da ta ji cewa yakan yi watanni a teku. Wace irin rayuwa ake yi a cikin jirgin nan, kuma mai wannan aiki zai iya riƙe iyali?

Tsohon soja, Ngaundare: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kwantar da hankalinka, na san jirgin nan sarai. Mazauninsa tashar jiragen ruwa ta Tulon a Faransa, ya fara aiki a 2001, tsawonsa mita 261, da makamashin nukiliya yake tafiya, kuma yana ɗaukar mutum kusan 2,000. Matuƙa jiragen yaƙi samfurin Rafale 'yan kaɗan ne a cikinsu. Sauran makanikai ne, da masu wutar lantarki, da masu dafa abinci da gasa burodi, da likitoci, da masu tace ruwan teku ya zama na sha. Haɗarin yana saman jirgin, inda na'ura mai aiki da tururi take cilla jirgin sama, igiyar ƙarfe kuma ta tare shi idan ya sauka, shi ya sa kowane rukuni yake da launin rigarsa, masu rawaya su ne ke ba jirage hanya. Mai albashin gwamnati duk wata ya fi ɗan kasuwar da bai san gobensa ba. Ka ba shi.

Hajiya, Kusiri: Albashi ba ya hira da mace, Malam. 'Yata ta auri mazaunin Turai, aka ce wata shida za a gama takardu, ga shi tana ɗakina da goyo, dangin mijin kuma ko sabulu ba su aiko ba, sai dai su riƙa tambayar inda ta je. Alhaji, ba ka gaya mana inda yarinyar za ta zauna ba, kuma ba ka ce ita tana so ba.

Mai tambaya: Hajiya, 'yata ba ta taɓa musa mini ba, kuma gidan gwaggonta za ta, ba gidan bare ba.

Tsohon soja: Matsalar Hajiya ta biza ce, ba ta teku ba. Jirgin ba kullum yake tafiya ba, yakan yi wata huɗu ko biyar a aiki ya dawo, kuma idan ya shiga babban gyara sai ya fi shekara a tashar. Gaskiya ne akwai ƙunci: gadaje masu hawa-hawa a ɗaki ɗaya, aikin karɓa-karɓa dare da rana, wanda yake ɗakin inji yana iya kwanaki bai ga rana ba, kuma wani lokaci a rufe waya da intanet saboda tsaro. Amma tun 2005 sojan Faransa suke da limamai Musulmi. Soja ba ya rasa inda zai yi salla idan yana da niyya.

Malami, Injamena: Ni tambayata ba ta gado da burodi ba ce. Wannan jirgin yana cikin waɗanda aka yaƙi Libiya da su a 2011, kuma mu nan mun ga abin da ya biyo baya, makamai suka bazu, hanyar fataucinmu ta arewa ta lalace, ɗan'uwana har yau bai farfaɗo ba. Ka tambayi malamai game da abincin da zai ciyar da ita kafin ka tambayi soja. Ga shi kuma a 2020 cutar korona ta kama fiye da mutum 1,000 a cikinsa a tafiya ɗaya.

Tsohon soja: Malam, makanike ba shi yake yanke shawarar yaƙi ba.

Hajiya: Har yanzu ba mu ji aikin da yaron yake yi ba, balle mu ce makanike ne. Alhaji, ka kira shi ka tambaye shi ko yana kwana a Tulon ne ko wajen iyayensa, da shekarun da suka rage a kwantiraginsa, sa'an nan ka sa uwar ta tambayi yarinyar ba a gabanka ba.

Mai tambaya: Ban tambaye shi irin aikinsa ba, domin ban ga dalilin tuhumar yaron da na san asalinsa ba. Kuɗin gaisuwa kuwa an riga an raba wa dangi, ba zan iya fuskantar ƙanwata da maganar mayarwa ba. Yanzu haka ma yana teku, wayarsa ba ta shiga. Abin da nake so ku faɗa mini shi ne yadda zan shawo kan uwar yarinyar kafin bayan salla.