Ƙanena na cikin tsaka mai wuya a jami'a, ina zan kai shi?

Yayar Wani: Assalamu alaikum. Da sabon suna na shigo, ku yi mini uzuri. Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a a nan Abuja, a hostal yake kwana. Abokin ɗakinsa ya ari wayarsa wai zai kira gida, sai ya shiga WhatsApp ya ga hirarsa da wani namiji, irin hirar da ba sai na yi muku fashin baƙi ba. Ya tura wa kansa hotunan hirar. Tun daga ranar yake tatsar sa, yau kuɗin kati, gobe dubu biyar, har takalminsa ya karɓe, in ya ƙi wai zai watsa a guruf ɗin ajinsu. Yaro ya daina shiga lakca, ba ya barci, ga jarrabawa ta ƙarato. Ni kaɗai ya gaya wa, ya ce tun yana sakandare yake jin kansa haka. Baba bai sani ba, Mama kuma na da hawan jini.

Ba fatawa na zo nema ba. Tambayata ita ce, ofishin ba ɗalibai shawara na makaranta yana riƙe sirri? Ko in nema masa likita a waje? Ko in kama masa ɗaki ya bar hostal ɗin? Albashina ba zai ɗauki likita da haya a tare ba.

Abu Sumayya: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki gaya wa mahaifinku yau, kada ya kwana. Sannan a kai shi wajen malami na ƙwarai a yi masa ruƙiyya da nasiha. Allah ya shirya mana zuri'a.

Maman Ikram: Malam, ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Cewa ta yi ana ƙwace wa yaro kuɗi, uwa kuma ba lafiya. Amin dai ga addu'ar.

Na Bayan Layi: Yaya, don Allah kada ki bari ya taka ofishin nan da wannan maganar. Ni abin ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Ba zan kira sunan makarantar ba, ba ma a Abuja take ba. Ina ajin ƙarshe wani ya yi mini abin da ake ce wa kito, wato a yaudare ka ta intanet, ka saki jiki, sannan a fara karɓar kuɗi da barazanar tona asiri. Da na rasa yadda zan yi sai na je wajen matar da ke ofishin. Wallahi ta karɓe ni da mutunci, har ruwa ta ba ni, ta ce in ɗauke ta kamar uwa. Ina magana tana rubutu a wani koren fayil. Da na gama ta ce za ta ɗan sanar da shugaban harkokin ɗalibai don a kare ni.

Fayil ɗin masinja ne ya ɗauke shi zuwa ɗaya ginin. Kafin sati ya zagayo mai gadin hostal ya daina amsa gaisuwata. Aka kafa kwamiti, aka kira mahaifina daga gida. Muna zaune a benci a ƙofar ofishin, ya cire hularsa yana ta murza ta a hannu, ko sau ɗaya bai dube ni ba. A ciki tambayoyin duk a kaina suka ƙare: tun yaushe, da waye, su waye sauran. Wanda ya cuce ni ko sunansa ba a nema ba. Aka ce in janye da kaina don kada a rubuta kora a takardata. Furojet ɗina saura babi ɗaya. Yanzu gyaran waya nake yi a Wuse, alhamdu lillahi ina ci, amma har yau ni da Baba gaisuwa ce kawai.

Anti Ladi: Ɗana, sannu, abin da aka yi maka bai dace ba. Amma kada a yi mana kuɗin goro. Na yi aiki a irin wannan ofishin a Jos kafin in yi ritaya, 'yan mata masu ciki sun zo mini, masu shaye-shaye sun zo, irin ƙanenta ma sun zo, ba wanda ya ji daga bakina. Gaskiyar da zan faɗa dai ita ce ofishin a ƙarƙashin hukumar makaranta yake. Da zarar ɗalibi ya ce wani ɗalibi na karɓar masa kuɗi, magana ta koma ta ladabtarwa, dole ta hau sama. In zai je, ya tsaya kan rashin barci da damuwa, ya nemi a taimaka masa da batun jarrabawa. Sauran ya bar wa cikinsa.

Na Bayan Layi: To Anti, wurin da sai ka ɓoye ciwonka kafin a duba ka, mene ne amfaninsa?

Barista SK: Bari in sa baki ta fuskar doka, don wasu suna kallon jami'o'in Amurka da Ingila inda ake da ofishi da ƙungiyar irin waɗannan ɗalibai a fili, suna zaton akwai shi a nan. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren, da shekara 10 ga wanda ya yi rajistar irin wannan ƙungiya, ko ya gudanar da ita, ko ya shiga cikinta. Sashe na 284 na kundin Penal Code, wanda ke aiki a Abuja, shi ma shekara 14 ne ga saduwar jinsi ɗaya ita kanta. Shi ya sa makarantu ba sa kusantar batun. Amma a lura, ba dokar da ta ce a ɗaure mutum don abin da yake ji a ransa. Karɓar kuɗi da barazana kuwa laifi ne tsagwaronsa, in ta waya aka yi ma dokar laifukan intanet ta 2015 ta hau kansa. Matsalar ita ce in aka kai ƙara, hirar nan ita ce shaida, kowa zai karanta ta. Kada ya je ko'ina shi kaɗai ba lauya. Ya adana duk saƙon barazana da shaidar tura kuɗi. Sau da yawa lauya ya kira irin wannan mai barazanar ya karanta masa hukuncin abin da yake yi, ya isa ya sa jikinsa ya yi sanyi, don shi ma yana tsoron kora.

Batun sirri kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗaure ma'aikatan asibiti kada su fitar da bayanin majiyyaci sai da izininsa ko umarnin kotu da makamantansu. Don haka ni na fi natsuwa da asibiti a kan ofishin makaranta.

Dogo Kubwa: Barista, "sau da yawa" ɗin nan, kai ka taɓa yi ko a littafi ka gani? Bara ma haka ka ba mu shawara kan mai gidan haya, ƙarshenta kayana a waje suka kwana.

Barista SK: Kai da ka ƙi biyan haya wata bakwai?

Hajiya Zee: Likita a waje ba tsada kamar yadda ake tsorata mutane. Ƙanwata na ganin wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Garki, dubu goma sha biyar duk zama.

Maman Ikram: Hajiya, wace shekara? Ni a Wuse 2 dubu arba'in aka ce mini, minti hamsin, kuma sai an biya kafin a zauna.

Nas Rabi: Duk ku bar wannan. Babban Asibitin Ƙasa da asibitin koyarwa na Gwagwalada suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuɗin kati da ganin likita bai kama ƙafar waɗannan ba, sai dai a yi sammako a bi layi. Kuma Yaya ki sani, ba don a canza shi za a kai shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990. Damuwar da rashin barcin ake dubawa. Abin da ya fi damuna, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa mutum ya aikata. In ya ce e, kada ki jira gobe, kada ki bar shi shi kaɗai.

Abu Sumayya: Hukumar Turawa ce za ta gaya mana abin da yake cuta?

Nas Rabi: Malam, allurar foliyon da aka yi wa 'ya'yanka fa? Ka yi masa addu'a, ba wanda ya hana. Sai yana raye zai ji nasiha.

Ɗan Eriya Wan: Dubu arba'in don a saurare ka? Ku zo teburina, dubu biyu zan saurare ku har asuba, shayi da burodi kyauta. Kuma jama'a ku sa wa wayoyinku makulli, ni ko matata sai da rubutacciyar takarda.

Yayar Wani: Na gode muku duka. Na Bayan Layi, Allah ya saka maka. Anti Rabi, na kira shi na tambaye shi, ya yi shiru sannan ya ce a'a, amma shirun bai kwanta mini ba, gobe zan ɗauko shi ya yi ƙarshen mako a wajena. Abin da ban gane ba, in ya bar hostal ai hotunan na hannun wancan. Tashin zai rage wani abu? Kuma nawa ɗaki yake yanzu?

Dogo Kubwa: Ɗaki mai banɗaki a ciki wajen Giri ko Gwagwalada, ki riƙe dubu ɗari uku.

Hajiya Zee: Ina? Ɗari biyar muka biya wa ɗan yayata, ban da kuɗin ejan da na yarjejeniya da wani wai kuɗin ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa mayar wa kowa.

Dogo Kubwa: Ejan ai su ne annobar garin nan. Wani ya karɓi kuɗin dubawa a hannuna, ya hau da ni acaɓa har bayan gari, muka tarar da kango ko rufi babu. Wai in biya a ƙarasa.

Ɗan Eriya Wan: Kai ka ma ga bulo. Ni fili aka nuna mini da akuya a ɗaure.

Maman Ikram: Ga masu gida da ba sa ba gwauro haya, ga ruwa sai na 'yan garuwa. Mu a layinmu kura ɗaya ta kai dubu biyu da rani. Hajiya Zee, turo mini lambar ejan ɗin naku ta akwati, in dai ba shi ne mai jan mashin ɗin nan ba.