Musayar waƙa: ƙullin da ke saiwar wake

Ɗan Gawo:
Jiya na tuge wake a gona wani yaro ya ga ƙulle-ƙullen saiwa ya ce wai cuta ce. Ga tawa, mai baiti ya shigo.

Na tuge wake ina dubawa,
Ga ƙulle-ƙulle jikin saiwa,
Na fasa guda ja mai ban sha'awa,
Ba cuta ba ce, baƙi ne ke zaunawa.

'Yar Samaru:
Raizobiya ce sunan baƙuwa,
Iskar sama take kamowa,
Ta mai da ita taki ta ba wa wake,
Shi ko da sukari yake biyawa.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne amma shuka ba ta iya shan shi a haka sai bakteriyar nan ta juya mata shi. Jan da ka gani alamar tana aiki ne, in ciki ya koma kore to ta daina.

Sarkin Noma:
'Yar boko kin zo da dogon suna,
Kin taɓa riƙe fartanya a gona?
Kakanmu ya haɗa gero da wake,
Bai je Samaru ba ya cika rumbuna.

'Yar Samaru:
Baba Sarki ban raina kaka ba,
Abin da ya shuka ba ƙarya ba,
Shi ya kai taki ya bar harawa,
Kai ka ƙone kara, ba ka bar wa ƙasa komai ba.

Uwar Biyu:
Kai! Allah ya ƙara basira 'yata, wallahi kin gama magana

Na Kurmi:
ku dai 'yan Zazzau ba kwa ganin laifin naku, ina aka taɓa kakkaɓe harawa a bar wa ƙasa, awaki su ci me? Baitin Sarki ya fi zama daram

Malam Aruli:
'Yar Samaru ɗangonki na huɗu gurgu ne, ya zarce na farko da gaɓa biyar, a ƙirga a gani. Kuma amsa-amo da "ba" ai ko ɗan firamare zai yi.

Baƙon Maraɗi:
Ku bar faɗa ku zo gindin gawo,
Da damina ganyensa yake zubowa ya kawo,
Geron ƙarƙashinsa ya fi na fili,
Saiwarsa ma da baƙin nan take yawo.

Malam Aruli:
wannan kuma ba gurgu ba ne, a kwance yake

Baƙon Maraɗi:
Malam kai ka yi naka mu gani mana, tun ɗazu awo kake ba ka sayar da ko mudu ba

Sarkin Noma:
In baƙinki na da wannan ƙarfi,
Me ya sa ƙuduji ya yi min zurfi?
Dawata ta tsaya ba ta kai gwiwa,
Furensa ya rufe ta kamar murfi.

Uwar Biyu:
ina 'yar tawa ta shiga ne

Na Kurmi:
ta gudu littafi ya ƙare

'Yar Samaru:
Afuwan, caji ne ya mutu tun jiya. Kawu Na Kurmi harawa ta bi ta cikin akuya ta dawo gona, ai taki ne.

In ƙasa ta gaji saiwa na kira,
Fangas ya zo ya shimfiɗa zare ya ƙara,
Ya jawo mata fosfaras da ruwa daga nesa,
Ƙuduji na jin kiran shi ma ya zabura.

Baba sinadari ɗaya ne saiwar dawa ke fitarwa ta kira fangas ɗin nan mai suna maikoraiza, kuma shi ne ke tada irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa wani ya fi shekara 10 yana jira, in ƙasa ta talauce kiran yana ƙaruwa shi ya sa ya fi cin gajiyayyar gona. Ka kai takin gida, ka cire shi kafin ya zuba iri, ka juya da gyaɗa ko waken suya, cibiyar binciken noma ta IITA ma na yin NoduMax, garin raizobiya da ake cuɗa irin waken suya da shi kafin shuka.

Ɗan Gawo:
a ƙara da cewa wake ma yana da nasa ƙudujin daban, kar Sarki ya ɗauka ya tsira

Malam Aruli:
Kira, ƙara, zabura, amsa-amo ya gyaru na yarda. Amma "fosfaras" ba ta hawa kowane kari, a nemo mata Hausa.

Baƙon Maraɗi:
To ka raɗa mata suna ranar bakwai mu zo cin goro

Malam Aruli:
Na Maraɗi awo sai mai sikeli,
Waƙa ba ta tsayawa sai da aruli.

Na Kurmi:
ɗango biyu kacal? duk wannan cika baki

Sarkin Noma:
'Yar boko ban sallama ba tukun,
Gobe da asuba zan je da hannun,
Zan tuge wake in fasa ƙullin,
In ban ga ja ba kin biya kuɗin irin.

Malam Aruli:
Sarki "hannun" wa? ka bar ɗango a rataye