Tsofaffin kayan falon Baba na shekarun 1960, wai da gaske ana sayensu da tsada?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya san harkar tsofaffin kayan ɗaki. Gidan mahaifinmu ne a Kaduna za a sayar, Allah ya jiƙansa, to an ce mu kwashe kayan ciki kafin mai saye ya karɓi makulli. Baba ma'aikacin gwamnati ne tun zamanin Sardauna kuma mutum ne da baya yarda a taɓa masa kayan falo, babu yadda yayyena basu yi da shi ba a canza masa kujeru amma fir ya ƙi. Toh yanzu gasu nan sun zame mana aiki. Akwai wata kabad mai faɗi amma gajeriya mai siraran ƙafafu wadda ƙofofinta zugewa ake yi, da kujeru shida masu hannun katako da kushin ɗin da ake cirewa, teburin cin abinci na fomeka, wata ƙatuwar rediyo Grundig mai garmaho a ciki, gadon ƙarfe Vono guda biyu, keken ɗinki Singer na Hajiyarmu da kwallayenta na jere, sai wani tulu mai sheƙi mai zanen ƙadangaru da muka taso muka gani akan kabad ɗin ana soka masa furen roba.

Wani ɗan gwangwan yazo ya taya duka dubu sittin har da gadajen, Yaya babba har yace a bashi a huta. Sai ɗiyata ta ɗauki hoto ta saka a Instagram da wasa, kawai sai ga wata mata daga Abuja mai shagon kayan ƙawata gida ta dame mu da kira, wai ita kabad ɗin da kujerun da tulun kawai take so, dubu ɗari huɗu, kuma tana ta nanata kada mu goge komai kada mu yi fenti. Ni kuwa da niyyata in kai wa kafinta ya fesa musu fari ya canza yadi sannan a saka a kasuwa. Wannan nacin nata shi ya tsaya min a rai. Me take gani a jikinsu da mu bamu gani ba? Mu sallama ko mu dakata?

Usta_Panteka:

Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba yasa ya huta. Ni kafinta ne kuma a shagon mahaifina na koya, dan girman Allah ki ajiye maganar fentin nan tukuna. Masu sayen irin waɗannan kaya launin katakon suke saye da yadda ya tsufa, ranar da aka fesa masa fari ya zama kabad ɗin kowa, kuma in yaron shago ya sa masa sanfefa ta inji to shikenan an gama da shi, domin da yawa daga cikin kabad ɗin da aka shigo dasu a lokacin ba katako zalla bane, fallen katako mai kyau ne aka manna a sama wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Goga biyu ya huje.

Ga abinda zaki yi da kanki ba sai kin kira kowa ba. Ki kifa kujera ɗaya ki duba ƙarƙashinta, ki zaro durowa ki duba cikinta da bayan kabad ɗin. Kayan lokacin kashi biyu ne a wajenmu. Akwai na kanti irin wanda manyan ma'aikata ke saya a Kingsway ko Leventis ko UTC, su zaki ga tambarin kamfani ko ɗan lebul a manne. Akwai kuma aikin gida, na kafintocin PWD, wato ma'aikatar ayyuka ta lokacin, da suke yi wa gidajen gwamnati, su sau da yawa lamba ake bugawa ko a rubuta da fenti a ƙasa, kuma katako ne zalla, loko ko maɗaci ko sapele, nauyi kamar me. Na biyun nan basu da sunan kamfani amma wallahi ni a wajena sun fi ƙarko. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta sayar da gidajen ma'aikata an yi gwanjon irinsu birjik, wasu ma a murhun masu abinci suka ƙare, abin takaici.

Ki kalli gefen durowa, in kinga katakon ya shiga cikin juna haƙori haƙori babu ƙusa to aiki ne na gaske. Ki ƙwanƙwasa ƙafafu da bayan kabad, in kinji sauti fanko ko kinga garin katako a ƙasa to gara ko ƙwaro ya shiga, wannan yana rage kuɗi sosai kuma gara ki faɗa wa mai saye gaskiya. Soson kushin nasan ya riga ya zama gari, robar da ke ƙarƙashinsa ma ta saki, wannan ba komai bane ana canzawa. Tsumma mai ɗan danshi kawai zaki sa ki share ƙura, banda man gyaɗa banda kananzir banda banish.

DanKwari_001:

Ku dai kuna da abin dariya wlh. Hajiya ki karɓi dubu ɗari huɗunki tun matar nan bata farka ba. Wa zai sayi kujerar 1960 a garin nan? A kai wa amarya wannan a jere ai sai dangin ango sun shekara suna gori, kowa yanzu 'yan Turkiyya yake so masu ruwan gwal, ko 'yan China in aljihu bai kai ba. Masu son tsohon kaya basu fi a ƙirga ba, 'yan Abuja da Legas ne da turawan ofisoshin jakadanci, in wannan ta tafi sai kin nemi wata da fitila. Gadajen ƙarfen kuma a ba ɗan gwangwan ɗin ya auna a kilo kowa ya kama gabansa.

AbuFadil:

Ɗan Kwari ka faɗi rabin gaskiya, kasuwar ƙarama ce a gida, amma ƙaramar kasuwa ba ita ke nufin a sayar ido rufe ba. Anti Maman Ilham ni ina zaune a Ingila kuma ina yawan leƙa shagunan tsofaffin kaya, yayin kayan shekarun 1950 zuwa 1970 ya dawo da ƙarfinsa a nan, siraran ƙafafu, babu sassaƙa babu tarkace, katako kawai da tsari. Asalin salon mutanen Denmak da Amurka ne suka fi shahara da shi, irinsu Hans Wegner mai kujerar nan Wishbone da ake ƙerawa tun 1950 har yau, da Arne Jacobsen, da Charles Eames da matarsa Ray da suka fitar da kujerar hutawarsu a 1956. Waɗannan su ne masu tsadar hauka, kuma gaskiya da wuya a samu irinsu a gidan ma'aikaci a Kaduna, kada kowa ya sa rai.

Abinda ya fi yiwuwa shi ne na Ingila. Yadda kika kwatanta kabad ɗin nan ni G Plan ta faɗo min. Kamfanin E. Gomme ne a garin High Wycombe ya fara fitar da su a 1953, na farko farko tambarin ruwan gwal ne a jikinsu, na baya kuma jan lebul. Akwai kuma kamfanin Ercol su ma a garin suke a lokacin, nasu lebul ɗin na wancan zamanin shuɗi ne. G Plan sun yi kaya da yawa sosai saboda haka ba abu ne mai wuyar samu ba a nan, ba za ta sayi gida ba, amma mai lafiya tana kuɗi mai kyau. Wani abin sha'awa, samfurinsu Fresco na 1966 da katakon tik aka yi shi haɗe da afrormosia, ita kuma afrormosia daga dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ake saro ta. Wato katakonmu ya je an ƙera ya dawo mana ta kanti.

Dalilin da yasa nace kar ki yi gaggawa, ki duba abinda ya faru a Chandigarh ta Indiya. Pierre Jeanneret ya zana kujerun ofisoshin gwamnati da na jami'ar garin a shekarun 1950, katakon tik da saƙar kara, kafintocin garin ne ma suka ƙera. Da suka tsufa aka jibge su a sito da bayan ofisoshi ana gwanjonsu a kuɗin itacen girki, dillalan Faransa suka bi suka tsince, yau kujerun a manyan gidajen gwanjon Turai da Amurka ake sayar dasu da dubban daloli. Sai a 2011 hukuma ta hana fitar dasu, lokacin an riga an kwashe da yawa. Ban ce kujerun Baba haka suke ba, amma duk wanda yace miki kar ki goge to ya san abinda yake kallo.

Maganar ki turo waje ki sayar kuma ki manta da ita, kuɗin jirgi da kwastan zasu cinye ribar, ga wasu katakan irinsu afrormosia suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takarda. Ki sayar a gida amma ki bari mutum biyu uku su taya.

Maman_Ilham:

Kai jama'a nagode Allah ya saka da alheri. Usta na bi yadda kace, cikin durowar sama akwai ɗan jan lebul an rubuta G Plan, Abu Fadil ka canka. Kujerun babu lebul sai wata lamba da farin fenti a ƙasa kuma nauyi garesu sosai, ɗaya ce kawai ƙafarta ta baya ke zubar da gari. Tulun kuma na juya shi, kusa da gindinsa akwai ƙananan hatimi biyu da aka danna a jikin yumɓun, ɗaya kamar rubutun ajami ɗaya kuma LK. Ɗan Kwari kai kuma Allah ya shirye ka, Yaya ma cewa yayi kai kaɗai ne mai hankali a nan.

Yar_Suleja:

Innalillahi Anti LK kika ce?? Dan Allah ki cire furen robar nan ki naɗe tulun a bargo ki saka shi inda yara basa zuwa, yanzu yanzu. Ki ciro naira ashirin ki juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, kuma LK hatiminta ne. Wancan mai kama da ajami kuma hatimin makarantar ginin tukwane ta Abuja ne, Abujan da, wato Sulejarmu ta yanzu kafin a ba babban birni sunan. Wani Bature Michael Cardew ne ya buɗe wajen a farkon shekarun 1950, ita ta shiga a 1954, mace ta farko. 'Yar garin Kwali ce, da hannu take gina manyan tulunanta irin yadda matan Gwari ke yi, ta zana ƙadangare, kunama, kifi, kada, tsuntsaye, sannan a shafa musu ruwan sheƙi a gasa a wuta mai tsanani, shi yasa suke da nauyi da ƙyalli ba kamar tulun kasuwa ba. An kai aikinta Landan an nuna, ABU Zariya ta bata digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Manyan ma'aikata da sarakuna sun sayi kayan wajen sosai a lokacin, har kyauta ake bayarwa dasu, don haka ba abin mamaki bane a samu a falon Baba.

Ni ba zan yanke miki cewa na gaske bane daga nan, hatimi ana iya kwaikwayonsa, sai wanda ya san aikin ya riƙe a hannu. Amma in ya tabbata nata ne kuma bai tsage ba, ina kyautata zaton shi kaɗai ya fi kabad da kujerun a haɗe, kuma ina zargin saboda shi matar take ta kira, sauran rakiya ce. Ki cire shi daga cinikin gaba ɗaya. Ki ɗauki hoton hatimin da kyau da rana, ki je gidan tarihi na Kaduna ki nuna wa ma'aikatan, dama hukumarsu ce ke bada izini in za a fitar da irin waɗannan kaya waje. Kuma kar a wanke shi da omo ko soson ƙarfe.

Baffa_Mai_Ritaya:

'Yata, duk sun baki shawara mai kyau, ni abu ɗaya zan ƙara. Kayan nan na magada ne, ba naki ke kaɗai ba kuma ba na yayanku shi kaɗai ba, tun da yanzu an gane suna da daraja to a rubuta su ɗaya bayan ɗaya a yi musu ƙima kowa ya sani, in akwai mai so a cikinku a saka masa a rabonsa. Keken ɗinki da kwallayen kuma in Hajiyarku na raye nata ne, basu shiga gadon Baba ba, a tambaye ta. Kwallan nan ma kar ku raina, na farkon daga Cekoslobakiya da Hong Kong ake kawo su kafin a fara yi a Kano, mu da muka yi aure a lokacin mun san abinda iyayen amarya ke kashewa a kansu. Matar Abuja kuwa bata yi laifi ba, kasuwa take, ku dai ku ce mata kowane kaya da kuɗinsa.

MaiGyaranRediyo:

Hajiya kowa ya manta da Grundig ɗin. Kar wanda ya jona ta a wuta don a gwada ko tana yi, irinsu da yawa masu bawul ne kuma kafasitocin ciki sun bushe shekara da shekaru, ana jonawa zata iya yin hayaƙi taransifoma ta ƙone, shi kuma samunsa aiki ne. A bar mai gyara ya buɗe bayanta ya duba tukun, ɓeraye ma suna cin wayoyin. Ko bata magana akwai masu saye saboda akwatin katakon. In akwai fayafayan garmaho a cikinta ki tsayar dasu a tsaye cikin kwali kar a ɗora wani kan wani kar kuma a bar su a rana, lanƙwashewa suke. Ki turo hoton bayanta inda aka rubuta lambar samfuri in duba miki wace iri ce.