Makunnin hannu ga fankar lagireto: ta ina ya kamata wayar ta bi?

Direba, Makka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin wutar mota a cikinku, domin wannan al'amari ya riga ya ci mini kuɗi sau ɗaya, kuma ba na son in sake yin abin da zai kai ni ga da-na-sani.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 1997, mai inji 1.6, kuma da ita nake zirga-zirga kullum tsakanin Shara Mansur da Misfala da Aziziyya. Esinta ya daɗe da lalacewa, ban gyara ba. Idan ina kan buɗaɗɗen titi, kamar hanyar Jidda, allurar zafi tana zaune daram a tsakiya, amma da zarar na shiga cunkoson bayan la'asar sai ta fara hawa a hankali har ta kusa taɓa ja. Ranar da abin ya fi ba ni tsoro na tsaya na ɗaga bonet, na tarar ruwa yana ɓulɓula a cikin robar ajiya, fanka kuwa ko motsi ba ta yi.

Wani mai gyara a bakin hanya ya cire soket ɗin fankar na asali, ya ja waya daga kan batir zuwa cikin mota, ya ɗaura wani ɗan makunni a ƙarƙashin sitiyari, sannan ya mayar da wayar kan fanka. Bai sa fis ba, ni kuma a lokacin ban san in tambaya ba. A cikin makon farko na manta da ita a kunne na tafi sallar isha'i, na dawo na tarar batir ya mutu. Kwana tara da yin aikin na ji ƙaurin roba ina tsaye a danja, da na kai hannu sai na ji makunnin ya yi laushi kamar ƙaro, har ya bar mini tabo a yatsa. Yanzu na cire wayar gaba ɗaya.

Har yanzu ina son makunnin da zan kunna fanka da hannuna tun kafin zafi ya hau, musamman idan na hango cunkoso ko zan hau tudun Hada zuwa Ɗa'ifa. Yaya ake haɗa shi ba tare da ya ƙone ba, kuma wace irin waya da wane fis zan saya?

Mai riwaya, Jidda

Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa Allah da abin ya tsaya a kan makunni, domin waya mai ɗauke da wutar batir kai tsaye, ba fis, tana ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da cikin mota, ita ce kan gaba wajen cinna wa mota wuta. Idan bawonta ya goge a jikin ƙarfe babu abin da zai katse wutar sai wayar ta yi ja.

Dalilin narkewar makunninka a fili yake. Fankar lagireto ta ƙaramar mota tana jan wuta wajen amfiya 10 zuwa 15 idan tana gudu, a daidai lokacin tashi kuma tana fizgar ninkin haka ko fiye na ɗan lokaci kaɗan. Ƙananan makunnan da ake sayarwa a shagunan kayan mota ba a yi su don wannan nauyi ba, ko da an rubuta babbar lamba a jikinsu, saboda haka ƙarfen cikinsu yana ɗumi, ya yi baƙi, baƙin ya ƙara hana wuta wucewa, zafin ya ƙaru, har robar ta saki. Ka'idar aikin ita ce wutar fanka ba ta shiga cikin mota ko kaɗan. Rile ne yake ɗaukar nauyin, wato makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa don ya saki babba, wanda ake kira katawut a warshoshin nan, makunnin hannu kuwa umarni kawai yake ba shi, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya ɗaya ba.

Idan za a yi sabon layi daga farko, ga yadda yake. Ka sayi rile mai ƙafa huɗu mai ɗaukar amfiya 30 ko 40, tare da soket ɗinsa. A ƙasansa za ka ga lambobi 30 da 87 da 85 da 86. Ƙafa ta 30 tana karɓar wuta daga batir ta waya mai kaurin sikwaya milimita 4, ko aƙalla 2.5, kuma a sa fis na amfiya 30 a kanta dab da kan batir, kada nisan ya wuce taƙi ɗaya, domin duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. Ƙafa ta 87 ita ce ke zuwa fanka da waya mai irin wannan kauri. Ƙafa ta 86 tana son wutar da ba ta zuwa sai an murɗa makulli, da ƙaramin fis na amfiya 5, kuma wannan shi ne maganin mutuwar batir da ka fuskanta, tunda kana zare makulli fanka za ta tsaya ko ka manta da makunni. Ƙafa ta 85 ita ce za ta shiga cikin mota da siririyar waya zuwa makunni, ɗaya ƙafar makunnin kuma a ɗaure ta a jikin bodi, a wurin da aka kankare fenti. Kyawun wannan tsari shi ne wayar da ta shiga cikin mota ta bodi ce, ko ta goge ta taɓa ƙarfe iyakacin abin da zai faru fanka ta tashi.

Sai dai a mafi yawan motoci ba a ma bukatar sabon rile, domin motar tana da nata. Sensar zafi, wadda ake kira hassas a nan, ita ce take haɗa rilen da bodi idan ruwa ya yi zafi, saboda haka sai a jona siririyar waya a kan wayar sensar, a kai ta makunni, daga makunni zuwa bodi. Ta haka sensa tana aikinta, kai ma kana da ikon riga ta.

Tsohon bakanike, ɗan Mai Wurno mazaunin Makka

Assalamu alaikum. Bayanin da ɗan'uwanmu na Jidda ya yi a kan rile da fis da kaurin waya daidai ne, ban da abin da zan ƙara a kai. Amma sakin layinsa na ƙarshe ba zai yi aiki a kan wannan motar ba, kuma idan aka bi shi zai iya jawo akasin abin da ake nema, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Na yi shekaru ina taɓa waɗannan Corolla tun ina Wad Madani kafin in zo nan, kuma Toyota ta yi tsarin fankarsu a juye. Sensar fanka a cikinsu a haɗe take da bodi lokacin da ruwa yake da sanyi, wannan haɗin ne yake riƙe rilen ya hana fanka tashi. Idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 93 sai sensar ta saki, rilen ya koma mazauninsa, fanka ta tashi, ba kuma za ta tsaya ba sai ruwan ya sauko wajen digiri 83. An yi haka ne da hikima, domin idan waya ta tsinke ko soket ya fita, fanka ta yi ta gudu maimakon ta mutu inji ya ƙone. To, ka ga idan ka jona makunni daga wayar sensar zuwa bodi, ranar da ka danna shi ka ɗaure fankar ke nan, ko ruwa yana tafasa ba za ta motsa ba.

Ɗana, kafin ka sayi komai ka yi wannan gwaji, ba ya cin ko riyal ɗaya. Ka mayar da soket ɗin fanka na asali wanda mai gyaran ya cire. Da inji a sanyaye, ka murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ba sai ka tayar da mota ba, sannan ka zare soket ɗin sensar fanka, wadda take kusa da gidan tamostat, wato abin da yake buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗau zafi. Ka kula hannunka da hannun rigarka su yi nesa da fuka-fukan fanka. Ka kuma lura akwai sensa fiye da ɗaya a wannan yanki, akwai ta allurar dashbod, akwai ta kwamfutar inji mai waya biyu, kada ka rikita su. Idan fanka ta tashi da ka zare, to rile da fis da injin da ke juya fankar duk lafiyarsu ƙalau, sensar ce ta maƙale ba ta saki. Idan ba ta tashi ba sai a koma kan fis da rile. A nan ma akwai tarko, domin na taɓa karɓar mota wadda aka canza wa wannan rile da irin na gama-gari, sai ta koma fanka tana gudu da sanyin safiya, tana tsayawa idan inji ya ɗau zafi, mai ita kuma ya sha yawon warsha ba a gano ba.

Idan gwajin ya tabbatar da abin da na faɗa, makunninka ba ya bukatar sabon rile ko waya mai kauri. A yanka wayar sensar, a ja bakin nan biyu da siririyar waya zuwa cikin mota, a sa makunni a tsakaninsu. Idan makunnin yana haɗe, mota tana kan tsarinta na kamfani. Idan ka raba shi, tamkar ka zare soket ne, fanka ta tashi nan take. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne kada wannan wayar ta goge ta taɓa bodi, domin a wannan tsari taɓa bodi yana nufin kashe fanka, don haka a bi da ita ta robar da sauran wayoyi suke bi, a sa mata riga, a ɗaure ta nesa da salansa.

Direba, Makka

Baba, Allah ya saka da alheri. Bayan sallar asuba na yi yadda ka ce, kuma ina zare soket ɗin sensar, fanka ta tashi da ƙarfinta, ina mayarwa ta tsaya. Na maimaita sau uku don in tabbata. Ashe tun farko sensa ce kawai ta mutu, aka bar ta aka ja mini wayar da ta kusa ƙona motar. Yanzu tambayata ita ce, tunda makunnin zai tayar da fanka, ko zan iya barin tsohuwar sensar a wurinta in riƙa kunnawa da kaina?

Mazaunin Madina

Malam direba, ban goyi bayan haka ba, kuma kai da kanka ka kawo hujjar, tunda ka ce ka taɓa mantawa da fanka a kunne. Wanda ya manta kashewa zai manta kunnawa, bambancin kawai shi ne mantuwar farko batir ta ci, ta biyu kuwa gaskit za ta ci, wataƙila har kan silinda ya lanƙwashe. A zafin Makka, inda rana takan haura digiri 45 a tsakiyar bazara, mintuna kaɗan a cunkoso ba fanka sun isa su yi wannan ɓarna, kuma idon direba ba ya zama a kan allura alhali yana fama da masu tsallaka titi da manyan motocin alhazai. Ka canza sensar, makunnin ya zama ƙari a kanta. Saboda wannan dalili ne ma ba na son makunni mai matsayi uku da wasu suke sawa, wanda ɗaya daga cikin matsayinsa yake kashe fanka ɗungurungum.

Game da tudun Hada da ka ambata, kada ka ɗora wa fanka abin da ba nata ba. Amfaninta yana wurin tsayuwa da tafiyar hawainiya, idan mota ta kai gudun kilomita 60 ko fiye iskar da ke shigowa ta gaba ta fi abin da fanka za ta ja. Idan ka ga allura tana hawa kana cikin gudu, to ka duba lagireto ko ya toshe, da famfon ruwa, da murfin lagireto, wanda idan robarsa ta mutu ba ya riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Tunda motarka ta riga ta tafasa sau ɗaya, ni da zan sa a wanke lagireton ciki da waje, a zuba ruwan lagireto na gaskiya maimakon ruwan famfo, a kuma duba ko wani bai cire tamostat ba, domin cire shi al'ada ce da ta yi yawa a wurin masu gyaranmu.

Mai riwaya, Jidda

Baba ya yi gaskiya, na yi magana a kan tsarin da ya fi yawa ban tsaya na duba ƙirar motar ba, kuma na karɓi gyara. Ga masu karantawa da motocinsu sababbi ne, kada kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu ya yanka waya, domin a yawancin motocin yanzu kwamfutar inji ce take ba fanka umarni, wasu ma suna da ɗan akwatin da yake ƙara mata gudu yana ragewa, kuma wutar da aka tura masa ta inda bai dace ba tana iya ƙona shi.

Malam direba, idan ka je sayen sensa ka tafi da tsohuwar a hannu, ka ce ta fanka kake so, domin masu shago sukan miƙo ta allura. Ka canza ta da inji a sanyaye, ka tanadi ruwan da za ka cika abin da zai zube. Wurin da aka yanka wayar kuma a yi masa dalma a rufe da robar da ake ƙanƙamewa da wuta, kada a murɗa da hannu a naɗe da salatif, saboda zafin cikin bonet yana sakin gam ɗinsa cikin 'yan makonni. Idan an gama, ka bar motar tana aiki a tsaye ba tare da ka taɓa makunnin ba, ka jira har ka ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta, sannan ka rufe bonet.