Idan horon Ubangiji ya zo, ta ina ake farawa?

Malamin ajin baftisma:
Salama gare ku. Tambayar da ba ta ƙarewa a aji ita ce: in wahala ta sami mai bi, yaya zai gane horo ne daga Allah ko wahalar duniya ce kawai? Masu aiki cikin jama'a, ku kawo abin da kuka gani.

Dattijo daga Kafanchan:
Malam, a fara da cire tsoro. Ba kowane zazzaɓi ne bulala ba. A Yahaya 9 almajirai sun ga wani da aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Alamar da ta fi tabbata ita ce horo yana nuna abu ɗaya da sunansa: kuɗin wane da ka riƙe, ƙaryar da ka yi wa wance, gabar da kake yi da ƙaninka tun rabon gona. Wanda yake jin "ni ban da amfani gaba ɗaya" amma ba zai iya nuna laifin ba, wannan zargi ne, a yi masa addu'a da ta'aziyya, kada a ƙara masa kaya.

Uwar zumunta:
Baba ya yi gaskiya. Mata da yawa suna ɗaukar ɓari ko rashin haihuwa a kan horo ne, saboda wata ta faɗa musu haka a wurin gaisuwa. Abokan Ayuba ma da suka zauna kwana 7 shiru sun fi amfani. Da suka buɗe baki ne aka sami matsala.

Fasto a karkara:
Bari in tsaya kan yadda ake karɓa, don nan ake faɗuwa. Ibraniyawa 12:5 ta ja kunne a kan abu biyu, raina horon da kuma karaya a ƙarƙashinsa. Mai rainawa shi ne wanda zai ce "maƙiya ne," ya ɗauki Littafinsa ya koma cocin da ke bayan kasuwa inda ba a san shi ba. Mai karaya ya daina zuwa sujada gaba ɗaya don kunya.

Ku kwatanta Saul da Dawuda. A 1 Sama'ila 15 Saul ya ce ya yi zunubi, amma sai da ya fara ɗora wa jama'a laifin dabbobin ganima da Allah ya ce a hallaka amma aka bari da rai, daga baya kuma ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Mutuncinsa yake nema. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya nuna shi da yatsa a kan zinar da ya yi da Batsheba, bai ƙara "amma" ba. To, ikirarin da ke da "amma" ko "in na ɓata wa wani rai" bai nuna ba tukuna. A sa mutum ya faɗi abin da ya yi, ga wa, yaushe.

Sai biyan abin da aka ci. Littafin Firistoci 6 ya ce a mayar da ainihin abin a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya taɓa naira 50,000 na baiko ko na adashen zumunta, lissafin ya zama 60,000. Ba doka ce a kanmu yau ba, Zakka mai karɓar haraji ma ninki huɗu ya ce da bakinsa, amma ma'auni ne mai kyau. In ba zai iya a tashi ɗaya ba, a rubuta nawa zai riƙa kawowa duk wata, shaidu biyu su sa hannu. Hawaye a gaban bagade ba ya biyan bashi.

Kuma a gaya masa tun farko cewa gafara ba ta share sakamako. An gafarta wa Dawuda, yaron da Batsheba ta haifa masa kuma ya mutu a rana ta bakwai. Wanda ba a shirya shi ba zai ce Allah bai karɓi tubansa ba.

Ma'ajin ikilisiya:
Ranka ya daɗe, a ƙara da toshe ƙofar. Wanda ya faɗi ta wajen kuɗi, ko bayan an maido shi, kada ya ƙirga baiko shi kaɗai. Mutum biyu su ƙirga, a rubuta nan take kafin a tashi. Wannan kariya ce gare shi ma.

Uwar zumunta:
Ni damuwata da yadda muke sa mutum a horo ce. Matiyu 18 ta jera mataki: kai da shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe ikilisiya. Mu kuwa sau da yawa sanarwar ranar Lahadi ce farko. Yarinya ta yi ciki, a zaunar da ita a bencin baya wata shida, a hana ta cin jibin Ubangiji da shiga ƙungiyar mawaƙa, ba mai taka ƙofar gidansu. Namijin kuwa yana Kaduna hankali kwance.

Dattijo daga Kafanchan:
Mama, wannan laifinmu ne mu dattawa. Duk wanda aka sa a horo a ba shi mutum ɗaya mai ziyartarsa kowane mako, mace ga mace, su bi Zabura 51 da 32 tare. A faɗi ranar da majalisa za ta sake duba maganar. Bulus da kansa, a 2 Korantiyawa 2, ya ce a yafe wa wanda aka hora a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Kuma yadda aka sanar da horon a fili, haka za a sanar da maidowar a fili.

Malamin ajin baftisma:
Na gode, Baba. Saura guda: in mai laifin ɗan majalisar dattawa ne, wa zai je masa a matakin farko?

Fasto a karkara:
Wanda ya ga abin da idonsa, ko da yaro ne a gabansa, cikin ladabi. In ya ƙi ji, a ɗauki dattijo biyu. Ƙara a kan shugaba ba a karɓarta sai da shaidu biyu ko uku, 1 Timoti 5:19. Ranar da za a tattauna maganar kuma ba ya zama a majalisa.