Muhawara: Shin zuba wa tsohuwar kwamfutar tebur kuɗi asara ce?

Malam: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur mai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) Core i5 na kamfanin Intel zubi na huɗu, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake ciki) gigabait 4, da faifan ajiya irin mai juyawa. Idan na kunna ta sai in zauna ina jin gurnanin faifan, fitilarsa a kunne ko ƙiftawa ba ta yi, kafin in samu in buɗe takarda guda. An ce mini duk kwamfutar da ta haura shekara bakwai, zuba mata kuɗi asara ce, gara a sayi sabuwa. Maganar ba ta kwanta mini ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban yarda a yanke wa na'ura hukunci da ƙidayar shekaru ba, domin abin da ka siffanta ciwon faifai ne, ba tsufan kwamfutar gaba ɗaya ba. Faifai mai juyawa sai allurarsa ta yi ta kai da komo kafin ta tattaro ƙananan fayilolin da Windows ke nema, shi kuwa SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma ko wanda ake haɗawa da wayar SATA yana kai wajen megabait 500 a daƙiƙa. Ka buɗe Task Manager, wato manhajar Windows da ke nuna nauyin aikin da ke kan kowane ɓangare, lokacin da take nauyin nan, ka duba ko faifai ne aiki ya yi wa yawa, ko RAM, ko furosesa. Idan biyun farko ne, SSD da ƙarin RAM zuwa gigabait 8 za su farfaɗo da ita.

Hajiya: Injiniya, ban musa maka batun sauri ba, amma ni ina bayan masu cewa a sauya, kuma dalilina tsaro ne. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kamar yadda ya saba, ita kuma Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin na'ura, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Ta Malam zubi na huɗu ce, wadda ta fito a 2013. Ko ya cika ta da RAM har ba wuri, ba za ta shiga wannan sahu ba, kuma mutumin da ke shiga asusun bankinsa da kwamfutar da ba a toshe mata kafofin ɓarayi yana cikin haɗarin da gudun SSD ba ya maganinsa.

Injiniya: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Hajiya, na karɓe ta. Sai dai ki lura, kin bar maganar shekara bakwai kin koma kan sharaɗin manhaja, kuma a nan nake so mu tsaya. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin sabuntawar tsaro da aka tsara ya kai masu Windows 10 zuwa Oktoban 2026, sannan akwai Linux Mint da Ubuntu, nau'o'in Linux da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, waɗanda ke tafiya lafiya lau a kan irin wannan na'ura, manyan fitowarsu kuma suna samun tallafin shekara biyar. Abin da ke damuna shi ne a yar da na'ura mai rai, alhali rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a shekarar 2022 kaɗai.

Hajiya: Linux ta dace da wanda aikinsa bai wuce rubutu da intanet ba. Wanda ya dogara da wata manhajar lissafi ko firintar da Windows kaɗai ta sani, wahala zai sha.

Auta: Ku ba ni dama in sa baki, Yaya Injiniya, domin ni na taɓa ƙonewa a wannan harka. Na sayi katin hoto don tsohuwar kwamfutata ba tare da na duba akwatin wutarta ba, da zarar aiki ya yi nauyi sai ta ɗauke ɗif. Da na je sauya akwatin wutar sai na tarar kamfanin ya yi masa bakin waya irin nasa na daban, a kan madabod kuma, wato babban allon da ake haɗa dukkan kayan kwamfuta a kai, ga wasu ƙananan kayan lantarki biyu da ake kira kafasito kawunansu sun kumbura. Tun daga ranar nake cewa madabod ce ke yanke iyakar gyara. Mai soket (mazaunin furosesa a kan madabod) AM4 ta AMD, wadda aka fara a 2016, sau da yawa sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kawai zai yi ya ɗora furosesar Ryzen 5000. A ɓangaren Intel kuwa, zubi na bakwai da na takwas duk LGA 1151 ake kiran soket ɗinsu, amma ɗaya ba ya aiki a allon ɗayan. Idan ya zama sai ka sauya furosesa da madabod da RAM a lokaci guda, to sabuwa ka saya, akwatin kwamfutar ne kawai tsoho.

Malam: Na duba kamar yadda Injiniya ya ce. Faifai yana maƙale a kan kashi ɗari, RAM ta kusa cika, furosesa kuwa ko rabi ba ta kai ba. Na buɗe akwatin kwamfutar na share ƙurar fanka, ban ga abin da ya kumbura ba. Aikina wasiƙu ne da jadawalin lissafi, amma ina shiga banki da ita.

Injiniya: To, ka fara da SSD, domin ko gobe ka sayi sabuwar kwamfuta za ka iya cire shi ka mayar can. RAM ɗinka kuwa tsohon nau'in DDR3 ce, ba ta shiga ramin DDR4 ko DDR5 na sababbin kwamfutoci, saboda haka kada ka wuce gigabait 8.

Hajiya: Na amince da SSD a kan wannan dalili. Amma Malam, kafin ka sake shiga banki da ita, ka tabbatar tana karɓar sabuntawar tsaro, idan kuma ba ta karɓa, ka gwada Linux daga filashi ka ga ko firintarka da jadawalinka za su yi aiki. In sun ƙi, ina nan kan bakana cewa sabuwa ce mafita.